Kara, Toka da Fatar Amarya

Ƙarshen makon jiya na je biki Masanawa, a ƙaramar hukumar Kabo, inda ake aurar da 'yar yayata. An gama kaka, hunturu ya fara saukowa, kowace gona ka duba karan dawa ne a jingine tsibi-tsibi, can nesa kuma hayaƙi na tashi inda wani ya cinna wa sharar gonarsa wuta. Da yamma ina zaune a ɗakin amarya cikin ƙawayenta sai wata yarinya, da ƙyar in ta kai shekara goma sha takwas, ta zaro wata 'yar kwalba daga jaka. Babu suna a jikinta, babu lamba, babu ranar lalacewa. Ta ce haɗi ne, daga Kano aka kawo mata, kwana bakwai ya isa a ga canji. Kwalbar ta riƙa yawo daga hannu zuwa hannu. Ni kuwa hannun mai kwalbar nake kallo: fuska ta yi fari tas, gaɓoɓin yatsu sun yi baƙi ƙirin, jijiyoyi sun fito kore a bayan hannu kamar an zana su.

Na fita bayan gida na tarar da Goggo a bakin murhu tana tuƙa sabulun salo, ga tukunyar toka a gefe tana ɗiga. Na ba ta labarin abin da na gani. Ba ta ɗago ba ta ce, "'Yar nan, mu da wannan aka kai mu ɗaki. Sabulun salo, lalle, man kaɗanya. Har yau ban san ƙurji a fuskata ba." Na ce, "Goggo, yaran yanzu ba za su ji wannan ba." Ta ce, "To ku da kuka yi boko, sai ku nemo musu abin da za su ji."

Maganar nan ta biyo ni har gida. Abin da na nemo shi ne zan shimfiɗa a nan, kuma yana cikin karan nan da na wuce a hanya.

1. Abin da ke tsayar da kara

Ka taɓa tambayar kanka me ya sa karan dawa ke miƙewa ya fi mutum tsawo, ya ɗauki zangarniya mai nauyi, iska ta kaɗa shi bai karye ba? A cikinsa akwai zare-zare, akwai kuma wani sinadari da ke liƙe zaren wuri guda kamar yadda laka ke riƙe tubali. Masana kimiyya na kiransa liginin. Wani masanin tsirrai ɗan ƙasar Suwizalan, de Candolle, shi ya raɗa masa sunan a 1813, daga kalmar Latin mai nufin itace. Liginin ke sa itace tauri, shi ke hana ruwa da ƙwari saurin cin sa. A busasshen itace yakan kai kashi 20 zuwa 30 cikin 100 na nauyinsa. Bayan zaren da yake liƙewa, babu wani sinadari irinsa da tsirrai ke ƙerawa da yawa a doron ƙasa kamarsa.

Wanda ke karanta wannan shafi a takarda yana riƙe da liginin a hannu. Ajiye jaridar nan a rana kwana biyu, za ka ga ta koma ruwan ɗorawa. Liginin ɗin da aka bari a cikinta ne ya sha rana ya sauya launi. Farar takardar ofis ba ta saurin yin haka domin an wanke mata shi tun a masana'anta.

Daga wannan wankin ne duniya ke samun yawancin liginin ɗinta. Masana'antun takarda na fitar da fiye da tan miliyan 50 a shekara cikin wani baƙin ruwa, su kuma ƙone kusan dukkansa don samun wuta da tururi. Abin da ake sarrafawa ya zama wani kaya bai wuce kashi 2 cikin 100 ba. Amma ɗan abin da ake sarrafawar ya nuna darajarsa. A garin Sarpsborg na ƙasar Norway, kamfanin Borregaard ya shafe shekaru da dama yana fitar da ƙamshin banila daga liginin, irin wanda ake sa wa a kek da alewa da turare. Yanzu kuma masu haɗa kayan kwalliya sun waiwayo kansa.

2. Abin da suka gani a cikinsa

Tsiro ba ya iya gudu inuwa. Tun fitowar rana har faɗuwarta yana tsaye, kuma a cikin hasken rana akwai wani ɓangare da ido ba ya gani, wanda likitoci ke kira UV, shi ne mai ƙona fata, mai tsufar da ita, mai jawo sankarar fata. Liginin na tsotse wannan haske. Yana kuma kama wasu ƙwayoyin ɓarna da zafin rana da hayaƙi ke haifarwa, waɗanda ke lalata mai ya yi ɗoyi, su lalata fata ta yi tamoji.

A 2015 wasu masu bincike a wata jami'ar fasaha da ke Guangzhou a ƙasar Sin, tare da abokin aikinsu a Kanada, sun zuba liginin a cikin man kariya daga rana na kasuwa suka auna. Man da ke ɗauke da lambar kariya 15, da aka sa masa kashi 2 cikin 100 na liginin, ya yi aikin mai lamba 30. Da aka kai kashi 10, ya zarce mai lamba 50. A ɗakin gwaji aka auna wannan, kuma liginin shi kaɗai a cikin mai kariyarsa kaɗan ce. Aikinsa shi ne ya ƙara wa sauran sinadaran ƙarfi, ta yadda za a rage yawansu.

Rage su kuwa abu ne da ake nema ido rufe. Jihar Hawaii ta Amurka ta kafa doka a 2018, wadda ta fara aiki a farkon 2021, ta hana sayar da man da ke ɗauke da wasu sinadarai biyu da ake zargi da lalata halittun ƙarƙashin teku. Yawancin irin waɗannan sinadarai daga man fetur ake samo su. Shi ya sa wani ƙaramin kamfani a Ostiriya, Lignovations, ya duƙufa wajen niƙe liginin ya zama ƙwayoyi ƙanana ƙwarai yana sayar wa masu haɗa man shafawa.

3. Launin da suke wankewa

A nan ne maganar ta taɓa ni, kuma a nan zan daɗe.

Duk wanda ya karanta rubuce-rubucen masu binciken nan zai ga ƙorafi ɗaya yana maimaituwa: liginin na da duhu. Launinsa daga ruwan ƙasa ne zuwa baƙi-baƙi. In ka zuba shi a farin mai sai man ya rine, Baturiya kuma ba ta son shafa abin da zai sauya mata launin fuska. Saboda haka ana kashe kuɗi da shekaru ana neman hanyar da za a hasko shi ba tare da an kashe amfaninsa ba.

Mu namu ciwon akasin nasu ne. Duk macen da ta taɓa sayen man kariya daga rana na ƙasar waje, irin mai farin sinadarin zinc, ta san yadda yake barin fuska fari-fari kamar an watsa mata toka. Ba don fatarmu aka yi shi ba. Man da launinsa ke tsakanin wankan tarwaɗa da baƙi, wanda zai ɓace a fuska ba tare da ya bar alama ba, mu ne ya dace da mu. Abin da suke kira aibu a ɗakin gwajinsu, a kasuwar Getso ko ta Sabon Gari shi ne abin talla.

Akwai kuma wata kama da ta fi wannan zurfi. Allah ya sa wa fatarmu nata sinadarin mai duhu, melanin, wanda ke yi mana irin aikin da liginin ke yi wa kara: yana tsotse hasken da ke ƙuna kafin ya isa ciki. Shi ya sa manomi ke wuni a gonar gero tsakiyar bazara ya dawo gida fatarsa ba ta saɓule ba. Abin da ke cikin kwalbar yarinyar nan ta ɗakin amarya aikinsa ɗaya ne, ya hana fata yin wannan sinadari. Masana'antar takarda na cire wa itace liginin don takarda ta yi fari, mu kuma muna cire wa 'ya'yanmu melanin don su yi fari, har kalmar da ake amfani da ita a wuraren biyu ɗaya ce: bilicin. Takarda dai ana ajiye ta a inuwa cikin littafi. Yarinya kuwa gobe za ta ɗauki tulu ta tafi rijiya da tsakar rana.

Abubuwa uku aka fi zubawa a irin wannan haɗi, kuma kowanne da ta'asarsa. Haidurokinon na toshe hanyar yin melanin, in an daɗe ana shafa shi sai fata ta juya ta yi wani baƙi mai shuɗi-shuɗi a kumatu da wuya, mai wuyar magani. Hukumar NAFDAC ba ta yarda ya wuce kashi 2 cikin 100 a man kwalliya ba, amma mai haɗi a bayan shago ba ya da ma'auni. Na biyu magungunan sitiroyid ne masu ƙarfi, waɗanda likita ke rubuta wa mai ciwon fata na 'yan kwanaki. Su ke sirantar da fata har jijiya ta bayyana, su kawo nankarwa da ƙuraje, ciwo ya ƙi warkewa, ɗinkin tiyata ya ƙi kamawa. Na uku shi ne makuri, ruwan ƙarfen nan mai guba, wanda ke ratsa fata ya taɓa ƙoda da jijiyoyi, ya kuma isa ga jariri ta ciki ko ta nono.

Wani rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2011 ya ce kashi 77 cikin 100 na matan Nijeriya na amfani da man ƙara hasken fata a kai a kai. A 2023 shugabar NAFDAC, Farfesa Mojisola Adeyeye, ta ayyana lamarin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasa baki ɗaya. A 2025 BBC ta kawo rahoto daga nan Kano kan iyaye mata da ke shafa wa ƙananan yara, har da wata uwa da ta ƙone fatar 'ya'yanta shida. Garin gyaran gira an rasa ido.

Ban ga laifin yarinyar nan ita kaɗai ba. Ta ji abin da samari ke cewa, ta ga wadda ake zaɓa a fim, ta ji uwar miji na tambaya ko amarya fara ce. Wa'azi an yi, gargaɗi an yi, kwalba na nan tana yawo. Ra'ayina shi ne ba za a karɓe kwalba daga hannun budurwa a bar hannun haka nan ba. Sai an ɗora mata wata, mai kyan gani, mai ƙamshi, mai araha, wadda ke sa fata sheƙi da laushi da launi ɗaya daga goshi zuwa yatsa, wadda kuma tallarta ke cewa launin da kike da shi shi muke karewa. Yawancin abin da mata ke kuka da shi da farko ma tabo ne da dabbare-dabbaren da rana ke ƙara wa duhu, kuma kariya daga rana na cikin maganinsu na fari. Daga neman goge tabo ake zarcewa a goge fuska duka.

4. Kara ba shara ba ne

Wani zai ce to ai ga kara nan birjik, a kwashe. A nan zan ja birki, domin wanda ya ce karan dawa shara ne bai taɓa zama a ƙauye ba.

A Masanawa kara abincin shanu ne da tumaki har faɗuwar ruwa. Da shi ake danga, da shi ake rufi, da shi ake hura wuta, tokarsa kuma ita ce a tukunyar Goggo. Yana da farashi, ana saye ana sayarwa, in bazara ta yi tsanani har tsada yake yi. Abin da ya rage a gona shi ke ruɓewa ya mayar wa ƙasa ƙarfinta, ƙasar da dama ta gaji. Masana'antar da za ta zo ta yi takara da saniya a kan kara ba alheri ta kawo ba. Itace kuwa kada ma a fara. Masu gawayi sun riga sun yi wa kaɗanya da ɗorawa da marke illar da za ta ɗauki shekaru kafin ta gyaru. Ranar da aka ji cewa ana sayen itace don man shafawa, gatari ne zai amsa.

Abin da nake nufi shi ne abin da da gaske ake rasa yadda za a yi da shi. Je ka Kura ko Bunkure, inda ruwan madatsar Tiga ya mayar da noman shinkafa sana'ar shekara, ka ga tudun buntu a bayan injinan casa, wani yana cin wuta a hankali mako da mako, hayaƙin na shiga ƙirjin yara. Kimanin kashi ɗaya cikin biyar na buntun nan liginin ne. Haka tukar rake da masu mazarƙwaila ke tarawa, wadda ta fi ƙarfin murhunsu. Haka ɓawon gyaɗa, wanda ya fi su duka yawan liginin, da totuwar masara. An riga an tara su wuri guda, babu kuɗin tsinta. Rashin sani ne ya sa kaza ta kwana a kan dami.

Hanyar fitar da shi ma ba baƙuwa ba ce gare mu gaba ɗaya. Ana dafa buntu ko tuka a ruwa mai kaifin toka, wato ruwan soda, sai liginin ya narke ruwan ya yi baƙi. A tace, a ɗiga masa ruwa mai tsami, sai ya kwanta a ƙasa kamar laka, a wanke a busar. Matan da ke tace toka don sabulu da marinan Ƙofar Mata da ke haɗa toka da baba sun daɗe da sanin ƙarfin wannan ruwa. Wannan hanya tana da wata fa'ida: liginin ɗin manyan masana'antun takarda yakan zo da warin farar wuta saboda sinadarin da suke dafa itace da shi, na ruwan soda kuwa ba ya da wannan wari. Mu dama ba mu da zaɓin farko. Masana'antun takardarmu irin na Oku Iboku da Iwopin sun daɗe da durƙushewa.

5. Kada sunan ya faɗa hannun masu haɗi

Na faɗi yadda ake yi ne don a ga abin ba tsafi ba ne. Ban faɗa don wata ta ɗora tukunya ba. Liginin ɗin buntu daban yake da na rake, na bana ma kan bambanta da na bara. Buntu na iya ɗauke da ragowar maganin feshi. Ruwan soda da ba a wanke da kyau ba yana cin fata. Lambar kariya kuma ba a ƙiyasta ta da ido, sai da na'ura da gwaji a jikin mutane ƙarƙashin kulawar likita.

Tsorona shi ne na ga yadda aka yi da kalmar "na gargajiya" da "daga tsirrai zalla". Yau a Instagram da TikTok da su ake sayar da haɗin da ke cike da sitiroyid. Tozalin da kakanninmu suka yarda da shi ma an auna an samu dalma a wasu nau'o'insa. Fitowa daga ƙasa ko daga tsiro ba shaidar lafiya ba ce. In liginin ya shigo ba tare da lambar NAFDAC da sakamakon gwaji ba, cikin shekara guda za a ga sunansa a jikin kwalbar bilicin.

6. Titin Gwarzo

Daga Kabo in ka nufi birni, ka wuce Rimin Gado da Janguza, kafin ka kai Kabuga sai ka bi ta ƙofar sabon mazaunin Jami'ar Bayero. A jami'ar akwai sashen kimiyyar sinadarai, akwai masu haɗa magunguna, akwai cibiyar binciken noma a ƙasashe masu ƙarancin ruwa. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano na da likitocin fata. A Basawa ta Zariya akwai cibiyar binciken fasahar sinadarai ta ƙasa, ga Jami'ar Ahmadu Bello a gefenta. A Abuja akwai hukumar binciken albarkatun masana'antu da aka kafa tun 1987 don irin wannan aiki. Ba sabon gini nake roƙo ba. Ɗalibi ɗaya mai neman digirin digirgir, da malami mai haƙuri, da kuɗin sinadarai na shekara uku, sun isa a san ko buntun Kura zai yi ko ba zai yi ba.

Mun san abin da ke faruwa in muka yi jinkiri. Fatun Kano sun yi suna a Turai da sunan fatar Maroko. Gyaɗa ta hau jirgin ƙasa a buhu ta dawo a gwangwani. Ƙwarar kaɗanya ta daɗe tana fita ɗanya ta dawo a kwalbar da matan da suka tsinto ta ba za su iya saye ba, har sai da gwamnatin tarayya ta dakatar da fitar da ita na wata shida a watan Agustan 2025. Man kaɗanyar nan shi ne ya kamata ya zama gindin haɗin: kaɗanya don laushi, zinc don kariya, liginin don ƙarin ƙarfi da launi.

In da ni za a tambaya wa za a fara yi wa, zan ce zabiya. Su ne aka haifa ba tare da isasshen melanin ba, su ne sankarar fata ke ɗauka tun suna matasa, kuma kwalba ɗaya ta man kariya ta ƙasar waje ta fi ƙarfin yawancin iyayensu. A garin Moshi na Tanzaniya, wata cibiyar horar da likitocin fata ta fi shekara goma tana haɗa irin wannan mai a gida, mai suna Kilisun, tana raba wa zabiya. Man zabiya sai an rage masa duhu ya dace da fatarsu, kuma kariyarsa dole ta zama mai ƙarfi wadda aka tabbatar, don haka aikin zai tilasta mana koyon awo na gaskiya tun daga farko. Wanda ya iya haɗa man da likita zai yarda a shafa wa yaro zabiya, na amare ba zai gagare shi ba.

Kafin in baro Masanawa na nemi yarinyar nan muka keɓe. Na ce, "Ƙanwata, nuna min hannunki." Ta ɓoye shi cikin mayafi, sannan ta miƙo. Na ce ta je babban asibitin Gwarzo a duba ta, kada ta daina shafawa dare ɗaya ba tare da likita ya gani ba, domin in akwai sitiroyid a ciki fatar na iya tashi. Ta ce, "Anti, to in na daina me zan shafa?" Na ba ta curin sabulun Goggo da ɗan man kaɗanya a leda. Man da zai tsare mata sabuwar fatar nan daga ranar bazara mai zuwa, wanda kuɗinta zai iya saye, shi ne ba ni da shi a jaka.